Sunan da Ke Cikin Ƙwayar

Ƙwayar da ke ƙarƙashin fatar wuyan hannun Malam Tanko ta yi ɗan ɗumi, nan take rawar yatsunsa ta tsaya, ya ɗauki ƙusar agogo wadda ba ta kai ƙwayar gero ba ya zura ta a raminta. Da azahar ne, yana ɗakin aikinsa a hawa na goma sha biyu na wani dogon bene a Funtuwa, jirage marasa matuƙi na ta giftawa ta taga da saƙonnin mutane.

Tsohon mai gyaran agogo ne, tsufa ya sa masa karkarwa. Maimakon asibiti, sai ya ƙera na'urar da kansa, ya tsaga fata ya dasa, ya sa mata suna Riƙau. Aikinta ta saurari jijiya, in ta ji rawa ta ɗaure ta. Da daɗi ya yi daɗi ya ƙara ta gwiwa, ta baya, ta muƙamuƙi, har guda bakwai. Katin shaidarsa ma ya zuba a ciki, ya ƙone takardun. Mutum ne da in ya fara abu ba ya jin bari.

Saboda ɓarayin iska masu kutse cikin na'urori, ya yi mata kariya: in ta ji baƙon saƙo, ta sandarar da jikin gaba ɗaya, daga ƙafa zuwa sama. Mabuɗin kuwa sunansa ne na yanka, da muryar matarsa Yalwa, gwaji uku kawai. Yakan yi wa kansa kirari da wannan dabara, don shekara talatin da huɗu kunya ba ta bar Yalwa ta ambaci sunan mijinta ba, balle ɓarawo ya naɗi muryarta.

Wani jirgin saƙo ya rage tsawo daf da tagar. Riƙau ta ɗauka ɓarawo ne. Ƙafafunsa suka ƙage.

“Yalwa! Yalwa!”

Ta shigo da ludayi a hannu. “Lafiya, Malam?”

“Kira sunana. Maza!”

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. “Yau kuma? Da furfurata? Kai dai tsufa ya fara taɓa ka.”

“Don Allah, ba wasa nake ba. Ki ce...”

Muƙamuƙinsa ya datse a kan kalmar. Sai a lokacin ta ga ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar, ido a kafe ko ƙiftawa babu. Ludayin ya faɗi. Tsoro ya kama ta, ta runtse ido kamar mai haɗiye maɗaci.

“Tanko,” ta ce.

Jar fitila ta haska a wuyan hannunsa, alamar ba shi ba ne.

Nan ne ya tuna. Tanko ai laƙabi ne. Sunan kakansa aka sa masa, uwarsa ba ta iya faɗin sunan surukinta, sai ta kira shi Tanko don ya biyo 'yan mata uku, duk gari ya bi. Ranar ɗaurin aure an faɗi na gaskiyar, amma a zaure, cikin maza. Shi kuma bai taɓa zama ya gaya mata ba, yana can yana hira da ƙusoshi.

“Muhammadu?” ta ce.

Ja kuma. Saura ɗaya.

Ta zazzage akwatuna tana neman takarda mai sunansa, ba ko guda. Yayyensa mata duk sun rasu. Ta dawo ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannun da ya bushe kamar itace, hawaye na zuba.

“Haba Malam. Ƙarfe ka gaya wa, ni ba ka gaya mini ba?”

Yana ta kwarara sunan a cikin kansa, sau goma, sau ɗari, ko kusurwar leɓensa ba ta motsa ba. Numfashin na ƙara gajarta. Yalwa ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa. A duk gidan nan abu ɗaya ne ya san sunan Malam Tanko, shi ne kuma ya riƙe masa maƙogwaro.