Sunan da Rabilu Ya Faɗa a Buro

Ranar da Zalika ta fara ganin Rabilu, yana tsugune a bakin tabkin bayan unguwarsu a Birnin Ƙonni, ya toshe hanci da gefen rigarsa. Ita kuwa kwanon tuwo ne a kanta, za ta kai wa mahaifinta majema, inda yake jimar fatu.

"Ƴammata, don Allah tsaya," in ji shi. "Ni baƙo na, daga Dogarawa niz zo noman albasa. Wane marar tsoron Allah ka sako wanga ruwa mai wari cikin tabki? Dubi shukata, duk ta ƙone."

Zalika ta dubi baƙin ruwan da ke gangarowa, gashin awaki na yawo a kansa. Ta san inda ya fito sarai. Sai ta ji kwanon ya yi mata nauyi.

"Ban sani ba," ta ce, kanta a ƙasa.

Ya yi murmushi. "To gidanku fa, shi ma ba ki sani ba?"

Gidan Gwaggo Uwani ta kwatanta masa, domin tun da aka yaye ta a can ake riƙonta. Rabilu ya ɗauka ɗiyar gidan ce, har ya laƙaba mata Ƴar Gwaggo. Ita kuma ta ce masa Mai Albasa. Duk yammacin da ya zo zance takan yi niyyar gaya masa gaskiya, sai kunya ta riƙe mata harshe. Yaya za ta ce wa saurayi mai ƙamshin turare cewa warin nan na gidansu ne?

Wata la'asar ya iso yana fara'a.

"Ƴar Gwaggo, albishirinki! Na je wurin mai unguwa, ya tura ni buro, ofishin duba-gari. Suka ce wa ke da majemar, na ɗaga murya kowa ya ji: Barmo majemi!"

Zalika ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin zaure muryar Gwaggo ta fito.

"Kai yaro, wa kac ce? Barmo ƙanena na, uban wagga da kake zaune gabanta!"

Rabilu ya miƙe, ya koma ya tsuguna, ya sake miƙewa. Da ya fita, takalmansa ma a nan ya bar su.

Duba-gari suka zo mutanen unguwa na kallo, suka tsayar da jima sai an haƙa ramin zuba ruwan nesa da tabki. Barmo ya yi rantsuwa ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda ya yi shelar sunansa a buro ba. Sallau mai sayen fatu, wanda ya daɗe yana neman auren Zalika, ya fara aiko da goro. Rabilu kuwa ya gudu Dogarawa.

Zalika ta daina fita ko rijiya. Tana nan sai direban motar Dogarawa ya kawo mata kaset. Ta ari rakodar Gwaggo, ta rage murya.

"Salamu alaikum, Ƴar Gwaggo. Ban san da wane ido zan dube ki ba. Ruwan nan yana cuta, wannan ba zan janye ba. Amma da na san na wane ne, da gidansa zan fara zuwa in durƙusa. Na kama sunan surukina a bainar jama'a. Ki gafarce ni. Ko fura ba ta shiga."

Ta share hawaye, ta juya kaset ɗin, ta yi magana a bayansa.

"Mai Albasa, ni na ce ma ban sani ba, kunyar tawa ce. Ba ka yi ƙarya ba, yaran unguwa ƙaiƙayi suke yi in sun shiga tabki. Har yau ba a haƙa ramin ba, Baba bayansa na ciwo. Takalmanka suna nan."

Bai aiko da amsa ba. Da kansa ya zo, da diga da shebur. Ya gaida Barmo daga nesa, Barmo ya kau da kai, shi kuwa ya kama haƙa. Zalika kan kawo tuwo ta aje, ba ta duban kowa. Barmo na zaune kan turmi yana kallon saurayin da ke zufa cikin warin da ya kai ƙara a kansa.

Da rami ya kammala, babban duba-gari ya zo gani. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya juya ga Rabilu.

"Kai ka kawo ƙara ko? Sake faɗa mini sunan mai majemar, mu rufe magana."

Zalika na bayan danga tana saurare. Rabilu ya dubi ƙasa.

"Mushe, ranka ya daɗe, ai... Baba ne."

"Baba wa? Ran nan har kan titi an ji ka!"

"Mushe, a ci ni tara in za a ci. Bakina ba ya iya ɗaukarsa."

Masu kallo suka fashe da dariya. Barmo ya daure, ya daure, shi ma ta ƙwace masa.

"Ƙyale shi, Mushe," ya ce. "Duk garin ga, suruki kaɗai ka kasa faɗin sunan mutum. Zalika, gaya ma Gwaggonku ta maida ma Sallau goronai."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Barmo ya ba ango buzun salla da ya jeme da hannunsa, ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, jama'a suka shafa.

Da Zalika ta haihu, namiji ne, aka raɗa masa sunan kakansa. Har yaron ya yi wayo yana wanka a tabkin, ba wanda ya taɓa jin uwar ko uban sun kira shi da wani abu sai Mai Sunan Baba.