Maraba da Baki

A wani gari can da daɗewa, an yi wani marubuci mai hannu da yawa. Shi ke rubuta wa maroƙa kirari, shi ke rubuta wa 'yan kasuwa talla, shi ke rubuta wa yara tatsuniya. Sai dai ba ya sa wa haruffa ƙugiya, wai sauri yake yi.

Ran nan wani tsohon malamin makaranta zai yi walimar sunan jikansa, ya ce a rubuta masa "Maraba da baƙi" a manna a ƙofar gida. Marubuci ya zabga "Maraba da baki." Duk mai baki a garin ya hallara. Kafin baƙin malam su iso, ko ƙanzo bai rage a tukunya ba.

Malam ya je wurin marubuci yana huci. "Ɗan nan, ka kunyata ni gaban surukaina. Rubuta musu ban haƙuri, kowace ƙugiya a wurinta."

"Haba Baba, ni da nake rubuta wa manya da yara zan tsaya kan 'yar ƙugiya? Mai karatu ai zai gane."

Washegari malam ya aiko masa da buhu, an rubuta "kaya" a jiki. Marubuci ya zura hannu da murna, ya zaro shi da ihu, ashe ƙaya ce cike.

Ya ruga gidan malam. Malam ya dubi hannun ya ce, "Mai karatu bai gane ba ke nan? Zauna, ga alƙalami."