Wa Ya Taɓa Kwamfutar Umma?

Kwamfutar gidan su Auta tana kan tebur, kusa da keken ɗinkin Umma. A cikinta Umma take ajiye hotunan ɗinkunanta.

Ran Asabar Auta ta kalli wani bidiyo. Mutumin ciki ya nuna yadda ake sa kwamfuta gudun da ya fi na ƙa'ida. Da ma wasanta na tseren mota yana yawan maƙalewa. Sai ta ƙara gudun, ta kuma sauke manhajar gwaji kamar yadda ya ce. Ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari kwamfuta ta kama huci. Ba wanda yake taɓa ta, amma fankarta sai ƙugi take yi.

Umma ta ɗora hannu a kai, ta janye da sauri.

"Kai! Wannan ai sai in yi guga da ita. Auta, karanta min, me ta rubuta a nan?"

"Wai tana aiki kashi casa'in da biyar cikin ɗari."

"Aikin wa? Ni ban sa ta ba. Ke kin sa ta?"

"A'a," in ji Auta, tana kallon yatsun ƙafarta.

Umma ta ƙanƙance ido. "Na gane. Mai gyaran nan ne da ya share mata ƙura makon jiya. Tun da na ga murmushinsa ya yi yawa na san da wata a ƙasa. Ya sa mata abin da yake kwashe min hotuna, yana raba wa wasu teloli."

Ta naɗe kwamfutar a zane, suka nufi shagonsa. Auta tana biye da ita.

Shagon cike yake da mutane. Umma ba ta rage murya ba.

"Malam, me ka dasa min a ciki? Ka ga mace ba miji, ka ɗauka ban san komai ba?"

Mai gyara dattijo ne mai sanyin hali. Ya jona kwamfutar, ya buɗe jerin abubuwan da suke aiki.

"Hajiya, ga mai cinye ƙarfin nan. Manhajar gwaji ce. Da an kunna kwamfuta sai ta tashi da kanta, ta yi ta wahalar da injin. An kuma ƙara masa gudu. Ran Asabar aka sa ta."

"Asabar? Ai ran Asabar tana ɗakina! Ashe daga nan ma kana iya shiga?"

Wani mutum da ya kawo tasa gyara ya miƙa hannu. "Ba ni kayata, Malam. Na fasa."

Dattijo ya dubi Auta sau ɗaya. Ya fara miƙa wa mutumin kayarsa.

"Ni ce!" Auta ta fashe da kuka. "Umma, ni na sa. Baba mai gyara bai yi komai ba."

Umma ta juya wajen mai gyara. Sannan ta gyara mayafinta.

"Malam, da ƙarfi na zarge ka, da ƙarfi zan ba ka haƙuri. Jama'a ku shaida, mutumin nan mai amana ne. Kai kuma, ajiye masa kayarka."

Mutumin ya ajiye, ana ta dariya.

Mai gyara ya cire manhajar, ya mayar da gudun yadda yake. Aikin kwamfutar ya sauko zuwa kashi uku cikin ɗari.

"'Yata," ya ce, "in kina son sanin cikin kwamfuta, ki zo in koya miki. Amma ki fara tambaya."

Umma ta hana Auta wasan mota wata guda. Auta ba ta yi gardama ba. Ta gane cewa in ka ɓoye laifinka, kan marar laifi yake faɗawa. Tun daga ranar, in ta yi kuskure, ita take fara faɗa.