Sunan Wa Zai Zo Farko

Ranar da Despina Karalis ta fara ganin Tavita Leota, da rigima ta zo masa, don ya cinye mata lokacinta a kan madubin duba ƙwayoyi, a ɗakin bincikensu na Melbourne. Ya ɗago, ƙaton ɗan Samoa mai sanyin murya, ya ce ta leƙa tukuna. Ta leƙa. Wallahi daga nan masifar ta bi ruwa.

Ƙwayoyin garkuwar jiki masu rabon faɗa take nazari, waɗanda ke hana jiki yaƙar kansa. Hasashenta shi ne sai sun maƙale wa 'yan'uwansu da wata 'yar ƙugiya da ke fatarsu kafin su iya lallashinsu. Shi kuwa gwanin ɗaukar hotonsu ne. Suka haɗa aiki, zuciya ma ta bi.

Babanta Stavros, mai shagon suyar kifi, ya ce atafau ba aure sai ta zama dakta, bai ƙona hannunsa a mai don ta tsaya a hanya ba. Digirin kuwa, a sashensu, ba ya fitowa sai sunanta ya zo farko a takardar binciken.

Aiki ya yi kyau. Da suka cire ƙugiyar sai ƙwayoyin suka riƙa sulɓewa, hanjin ɓerayen da suke gwaji a kansu ya kumbura, hasashenta ya tabbata. Kwatsam Farfesar da ke kula da aikinsu ta sa sunan Tavita a gaba, wai hotunansa ne suka ɗaure maganar. Despina ta sha kuka, ta ɗauka da saninsa aka yi. Ko a layin sayen kofi ta daina gaishe shi.

Sai ga saƙonsa:

"Zumata, na je na faɗa wa Farfesa tunanin naki ne, ni hoto kawai na ɗauka. Ta mayar da ke gaba. Ki yi mini murmushi mana, ɗakin nan ya yi mini duhu."

Kunya kamar ta nutse. Ta kai wa babanta labari, har da cewa aikin da Tavita ke nema a Sydney ya kuɓuce masa, tunda ya sakar mata gurbin farko. Tsohon ya juya kifin da ke cikin mai.

"Kawo shi ya ci abinci," ya ce.

Ta karɓi digirinta, aka ɗaura aure. Dangin ango suka cika cocin da waƙa, Stavros ya yi rawa har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya rungume Tavita yana hawaye, kansa ko kafaɗar yaron bai kai ba.

"Ɗana, yau ni na ƙaru. Allah ya albarkaci zamanku."