Itacen Kabarin Nomau

Ɗalha direba ya cika mu da baki, wai motarsa kat-kat da ƙafa huɗu take ja, babu yashin da ke riƙe ta. To, ranar da muka binne ƙanena Nomau, ya bar hanya ya yanke ta gefen maƙabartar Dantchiao, yashi ya riƙe ta har ciki. Maimakon ya shigo gari neman taimako, sai mara kunyar nan ya janye ƙayar sabon kabarin, ya tone itace uku, ya cusa wa tayoyi. Mota ta fita.

Sauran labarin shi da bakinsa ya faɗa mana, kuma har yau ban tausaya masa ba.

Bayan isha'i ya nufi Magaria, sai ya ji bayan motar ya yi nauyi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ta, yashi na zubo masa a ƙeya.

“Sannu da aiki, direba,” in ji wata murya a kujerar baya, a shaƙe.

“Malam, yaushe ka hau? Ina za ka?”

“Duk inda za ka. Ka kwashe mini rufi, ƙasa ta rufto mini a fuska. Ga motarka da rufi mai ƙarfi.”

Ɗalha ya taka birki, ƙafa huɗun suka ci gaba da ja. Ya kalli madubi. Mutum ne zaune, naɗe da farin yadi har ka.

Da ya kwatanta mana ƙullin saman kan, sai na gane shi. Ni na ƙulla shi da hannuna.