Waƙar da ke Fitowa daga Rijiya

Barira na tankaɗe a tsakar gida sai ga mahaifiyarta, Inna Kubura, ta sauko daga amalanke tun daga Tajaye. Ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Tashi ɗaure kayanki, ɗiyata. Da ke zan koma."

"Inna! Mi ya hwaru?"

"Har kina tambaya? Ba ni barci! Mijinki kullum yana ƙarƙashin ƙasa kamar gahiya, ina jiran ranar da za a aiko mini da mugun labari. Ga shi ya maishe ni abin dariya a zumuntar mata. Waƙar Ubangiji a majami'a ake yin ta, da wanka da tuhwahi masu tsabta. Shi ko cikin rami, da laka har gira!"

Barira ta sunkuyar da kai, don ita ma tsoron nan ke cin ta tun ranar da ta auri Takama mahaƙin rijiya. Da ya kama igiya zai sauka sai ya ɗauki waƙar yabo, ba ya ajiyewa sai ya fito. Ya taɓa ce mata, "Gimbiyata, in na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai, wa zan kira in ba Mai ita ba?" Rijiyar da yake haƙa yanzu tana bayan gidansu, muryarsa ce ke kwantar mata da rai.

"Inna, saurara ki ji. Muddin yana waƙa…"

Ta tsaya. Shiru, waƙar ta ɗauke! Rariya ta suɓuce daga hannunta.

Da gudu suka isa, ba ko takalmi. Saminu mai ja wa Takama guga ya tare su a bakin rijiyar.

"Zoben siminti ya goce, yashi ya ruhto! Mun yi kira, ba amsa. Ba mu san gehen da yake ba, in muka haƙa ba daidai ba sauran ya danne shi."

Barira ta faɗi a bakin rijiyar. Ta buɗe baki ta ɗauko masa waƙarsa, kuka ya shaƙe ta, murya ta ƙi fita.

"Inna… ke ka ba da waƙa a zumunta. Don Allah, Inna!"

Inna Kubura ta dubi ramin, ta dubi 'yarta. Ta durƙusa cikin laka da sabon zanenta, ta leƙa, ta ɗaga murya:

"Ko ina cikin zurfi, Yesu na ganina…"

Suka kasa kunne. Ta sake, da ƙarfi. Can ƙasa, siririya kamar zare, sai ga amshi:

"…hannunsa ba ya gajarta."

"Gabas! Yana gabas, ƙarƙashin zoben!" Saminu ya yi tsalle ya kama igiya.

Sai bayan la'asar aka ciro Takama, ƙafa a karye, baki cike da yashi. Da ya ga surukarsa ya yi yunƙurin durƙusawa. Ta dafe shi tana hawaye.

"Kwanta, ɗana. Ni da ke jin kunyarka, dubi zanena."

Da ita aka yi jinya har ya taka, ba ta sake ta da zancen ɗaure kaya ba.

Jama'a, kada ku raina mai yabon Allah a bakin aikinsa. Wanda ke karɓar waƙa a majami'a, kunnensa na kaiwa har gindin rijiya.