Mai Gyaran Agogon da Bai San Lokaci Ba

A ajin Turanci na manya suka haɗu. Ita ce malamar, shi kuwa mai gyaran agogo ne da ke rakuɓewa a bencin baya. Wata rana ta rubuta "he isn't" da "he's not" a allo, ta ce kowa ya zaɓi ɗaya ya yi jimla da shi. Kowa ya duƙufa, ban da gogan.

"Malama, wanne ne daidai?"

"Duka daidai ne. Kai dai ɗauki ɗaya."

Aka tashi, ya miƙo takardarsa babu ko ɗigo. Ta yi dariya, ba ta san dariyar za ta zame mata kuka ba.

Soyayya ta ƙullu, amma halin nan yana nan daram. Yayansa yana ta kiransa ya koma wani gari mai nisa su haɗa shago, ita kuma ga ta nan. Bawan Allah ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a, har babanta ya gaji.

"Wanda bai iya yanke magana ba shi zai riƙe min 'ya? Ga ɗan abokina nan a shirye."

Ta rame, abinci ya daina shiga. Shi ma ya ɗauke ƙafa daga ajin, wai kunya. In ta juyo daga allo sai ta ga bencin baya wayam. Ta tura masa saƙo:

"Mai agogona, ranar Asabar Baba zai ba da ni. Na gaji da jira, wallahi na gaji."

"Malamata, ina tunani."

Tunani! Ta kifa wayar, ta yi kuka har murya ta dushe. Ta fid da rai gaba ɗaya.

Asabar da safe sai ga sallama. Shi ne, ya durƙusa gaban babanta.

"Baba, na faɗa wa yayana ba zan zo ba. Nan zan zauna. Ita nake so."

Baba ya dubi 'yarsa a bakin ƙofa, ta koma kamar tsinke. Ya sauke numfashi.

"Ka tabbata, ko a ƙara maka shekara ka yi tunani?"

"Na tabbata, Baba."

Baba ya amince. Ranar ɗaurin aure ango mai agogo ya riga kowa isa wurin, har mai shara. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.